Kason Mata a Sudan: Ruwan Da Bai Isa Kambo Ba

Labari biyu muke da su a kan Sudan, mu masu magana a rediyo da masu rubutu da Hausa, kuma kowanne mun maimaita shi har ya zama kamar karatun allo. Na farko labarin matan Sudan ne: jarumtarsu, da yadda suka riga matan ƙasashe da yawa shiga majalisa, da hoton nan na Ala Salah sanye da farar laffaya a kan mota tana jan waƙar zanga-zanga a watan Afrilun 2019. Na biyu labarin Hausawan Sudan ne: hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, da yaƙin Burmi, da Mai Wurno, da alhazan da suka tasar wa Makka a ƙasa hanya ta riƙe su. In muka ɗauko na farko sai mu ce a yi koyi. In muka ɗauko na biyu sai mu yi alfahari, ko mu yi juyayi.

Akwai wadda ya kamata a ce tana cikin labaran nan duka biyu, amma da wuya ka ji an ambace ta a ko ɗaya. Ita ce Bahaushiyar ƙauye a Jazira ko a gaɓar Shuɗin Nilu, mai cirar auduga da roron gyaɗa, mai talla a bakin tasha, mai riƙe da adashen unguwa. Masu ba da labarin mata sun ƙirga ta a cikin "matan Sudan" sun wuce. Masu ba da labarin Hausawa sun ƙirga ta a cikin "iyalan muhajirai" sun wuce. Wannan sharhi a kan giɓin da ke tsakanin labaran biyu yake, kuma hujjata guda ce: kujerar da aka ware wa mata daga babban birni ba ta isa ga macen da ba ta da takarda, ba ta da filin da aka rubuta da sunan garinsu, ba ta kuma da baki a zauren da ake yanke maganar ƙauyensu. Mu da ake ta muhawarar ware wa mata kujeru a ƙasashenmu, ya kamata mu kalli Sudan da idon mai sayen tsari, ba da idon mai kallon biki ba.

Labarin farko da abin da ya bari a baya

A ba kowa haƙƙinsa, matan Sudan sun yi abin a yaba. An kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952, tun ƙasar ba ta sami mulkin kai ba. A 1955 Fatima Ahmad Ibrahim ta fara fitar da mujallar Sautul Mar'a, wato muryar mace. Bayan juyin Oktoban 1964 mata suka sami cikakken 'yancin jefa ƙuri'a da tsayawa takara, a 1965 kuma Fatima ta zama mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin ƙasar. A wannan lokacin matan Arewacin Nijeriya ko layin zaɓe ba a ba su damar shiga ba, duk da ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan maganar. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa.

To amma mai karatu ya lura da ƙofar da Fatima ta bi. Ta shiga ne ta mazaɓun 'yan boko, waɗanda aka keɓe wa masu takardar shaidar makaranta. Ko a zaɓen 1953, matan da aka yarda su yi zaɓe 'yan ƙalilan ne da suka gama sakandare. Wannan ba laifin Fatima ba ne, domin ta yi rayuwarta tana kare ma'aikata da talakawa. Sai dai yana nuna cewa tun daga tushe, siyasar mata a Sudan ta tashi ne a Khartum da Umdurman, a bakin masu ilmin zamani, da harshen Larabci. Duk abin da aka gina daga baya a kan wannan harsashi ya zauna.

Dokar zaɓe ta 2008 ita ce ta kawo kason da ake yawan ambato. Majalisar ƙasa mai kujera 450 aka raba ta uku: 270 na mazaɓu, 68 na jerin sunayen jam'iyyu, 112 kuma na mata zalla, wato kashi 25 cikin 100. Da wannan tsari aka yi zaɓen Afrilun 2010, zaɓen da Fatima Abdul Mahmud ta tsaya takarar shugaban ƙasa. Kafin zaɓen 2015 aka ɗaga kason zuwa kashi 30. A takarda, Sudan ta bar Nijeriya a baya nesa ba kusa ba.

Yanzu a duba yadda aka cike kujerun. A zaɓen 2010, jam'iyya ce ke zama ta jera sunayen mata, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kuma jerin na jiha ne baki ɗaya. Mai zaɓe alamar jam'iyya yake zaɓa, ba shi da ikon ɗaga wata ko sauke wata. Ke nan wadda ta shiga majalisa ta wannan hanya ba ta da wani ƙauye da za ta ce shi ya aiko ta, ba ta da wata kasuwa da matanta za su tare ta su ce ina alkawari. Wanda ya rubuta sunanta a saman takarda shi ne ubangidanta, kuma shi take tsoron ɓata wa. Jam'iyyar Umar al-Bashir ce ta kwashe mafi yawan kujerun matan a 2010, a 2015 kuwa manyan jam'iyyun hamayya ƙaurace wa zaɓen suka yi. Ƙari a kan haka, da aka ware wa mata nasu layin, sai jam'iyyu suka sami hujjar barin kujerun mazaɓu 270 kusan duka a hannun maza. An ba ku naku, me kuma kuke nema?

Ba na cewa matan da suka shiga ba su tsinana komai ba. A 2015 an gyara sashe na 149 na dokar manyan laifuka, aka raba fyaɗe da zina, wanda a da macen da ta kai ƙara kan iya komawa ita ce abar tuhuma. Wannan gyara ya ceci mutuncin mata da yawa, kuma ƙungiyoyin mata sun daɗe suna bin sa. Amma dokar iyali ta 1991, wadda ta bar ƙofar aurar da yarinya 'yar shekara 10, majalisu biyu masu kason mata sun zo sun tafi ba su taɓa ta ba. Dokar da ake kama mata da ita a titi saboda tufafi ko sana'a sai a Nuwamban 2019 aka soke ta, kaciyar mata kuma sai a 2020 ta zama laifi, dukansu a hannun gwamnatin riƙon ƙwarya da ba zaɓenta aka yi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya daina auna ci gaban mata da yawan kujeru.

Bayan faɗuwar al-Bashir an sake yin alkawari. Takardar tsarin mulkin Agustan 2019 ta ce mata za su sami aƙalla kashi 40 cikin 100 a majalisar riƙon ƙwarya. An sa mata biyu, A'isha Musa da Raja Nikola, a majalisar ƙoli, an naɗa Asma'u Muhammad Abdallah ministar harkokin waje, an naɗa Ni'imat Abdallah Khair alƙaliyar alƙalai. Majalisar da aka yi alkawarin kuwa ba a kafa ta ba har soja suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoban 2021. Kashi 40 na abin da babu shi, babu ne.

Inda ruwan ke tsayawa

Bari mu bar Khartum mu gangara kudu, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar, suka buɗe gandun noman rani na Jazira domin masaƙun ƙasarsu su sami auduga. Da aka haɗa da faɗaɗawar Manakil, gandun ya kai kimanin fadan miliyan biyu, fadan kuwa ya ɗan ɗara eka kaɗan. Ruwa na fitowa daga madatsar ya bi babbar hanya, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya kai ga 'yan kwatocin da manoman can ke kira Abu Ishirin da Abu Sitta. Kowane manomin rani ya san na ƙarshen kwata shi ne mai shan ƙishi. Haka kason mata ya zama: an sake shi daga sama, na kusa da bakin madatsa suka sha.

An raba gandun gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, aka ba wa mutanen da aka ɗauka 'yan ƙasa ne. Aikin ƙarfi kuwa, shuka da noma da cira, ya dogara ƙwarai a kan baƙi daga yammacin Sudan da Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda ake haɗa su a kira su Fallata ko Takari. Da yawansu aka zaunar da su a sansanonin leburori a gefen hanyoyin ruwa. Sansani ɗaya sunansa kambo, jam'insa kanabi. Ba duk Hausawan Jazira ne ke kambo ba, akwai masu tsofaffin ƙauyuka da unguwanni a Wad Madani da sauran garuruwa, akwai 'yan kasuwa da malaman jami'a. Amma kambo ne ma'aunin gaskiya, domin a nan ake ganin mutumin da kakansa ya haƙa kwata, shi kuma har yau filin da ɗakinsa ke kai ba a rubuta shi a matsayin gari ba. Inda ba a rubuta gari ba, famfo da makaranta da asibiti sai an roƙa. Wannan ne ya sa mazauna sansanonin suka kafa ƙungiyar da ake kira Mu'utamarul Kanabi, babbar buƙatarta kuwa matsuguni na dindindin.

Sai maganar takarda. Dokar da Turawa suka yi a 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897, kuma dokar 1957 ta riƙe wannan rana. An yi yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Mai Wurno suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906. Da alƙalami ɗaya aka mayar da su da duk wanda ya biyo bayansu baƙi. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, amma tabon bai goge ba. A 2008, shekarar da aka kafa kason mata, Hausawa suka yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala saboda wata magana da aka jingina wa al-Bashir mai nuna shakku a kan zamansu 'yan ƙasa, maganar da gwamnati ta musanta. Tun 2011 kuma aka shigo da lambar ɗan ƙasa, wadda samunta kan buƙaci shaidu daga dangin uba. Namiji mai fita kasuwa da tafiye-tafiye yakan daure ya bi layin ofis har ya samu. Matar da aka haifa a ɗaki ba takardar haihuwa, aka aurar da ita da wuri, Larabcinta na ciniki ne ba na ofis ba, wa zai kai ta, da kuɗin wa?

A zaɓen 2010 an yi wa marasa takarda wata hanya: kwamitin unguwa ya shaide su. Kwamitocin nan kuwa a hannun jam'iyya mai mulki suke. Wata dattijuwa mai sauraronmu daga wani ƙauye kusa da Sinja ta taɓa turo mana saƙon murya a kan wannan. Na mayar mata da tambaya na ce, Inna, ke wa kika zaɓa a layin mata? Ta yi dariya ta ce ai takardu takwas aka miƙa mata, an kuma riga an nuna mata alamar da za ta bi a kowace tun a cikin motar da ta kwaso su. Maganarta ta takardu takwas gaskiya ce, haka masu zaɓe a arewacin Sudan suka karɓa a waccan shekara. Wannan ita ce macen da alƙaluman kashi 25 suka ce an wakilta.

Labari na biyu, wanda ya fi shafar mu

Da a nan na tsaya, da sharhin ya yi wa kowa daɗi, tunda laifin na wasu ne. Amma in za ka faɗi, faɗi gaskiya. Yadda mu kanmu muke ba da labarin Hausawan Sudan shi ma ya rufe wannan mata.

Manazarta sun yi aiki mai kyau. Mark Duffield ya fitar da littafi a kan garin Mai Wurno a 1981, yana bin yadda jari da kasuwa suka sauya zaman ƙauye. Bawa Yamba ya fitar da nasa a 1995 a kan mutanen Jazira da ke ɗaukar kansu alhazai a kan hanya ko bayan zuriya uku ko huɗu. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya fitar da nazari a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci. Kowannensu da tambayar da ya fita nema: tattalin arziki, aikin hajji, harshe. Abin da muka yi da aikinsu shi ne abin dubawa. Mun tsame sarakuna da malamai da yaƙi da hijira, mun yi shirye-shirye da maƙaloli da su. In an tashi yin shiri a kan Hausawan Sudan, sai a nemo sarkin Hausawa, a nemo shehin malami, a nemo mai agashe. A tambaye su ko har yanzu ana tuwo, ana dambe, ana jin Hausa. Mace in ta shigo, to an zo maganar lalle da turaren wuta ne. Mun mayar da al'umma mai rai gidan tarihi, gidan tarihi kuwa ba ya zaɓe.

Illar wannan ta bayyana a 2022. A jihar Shuɗin Nilu, Hausawa suka nemi a ba su masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya, wanda a can ake kira idara ahaliyya, mai nazir da umda da shehu. Shugabannin ƙabilun da ke ganin su ne masu ƙasa suka ƙi, domin a tsarin can sarauta da ƙasa tare suke tafiya. A watan Yuli rikici ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, aka kashe sama da mutum 100. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka kashe sama da 200. Dubun dubatar mutane suka bar gidajensu. Babu wani uzuri ga kisan da aka yi, kuma buƙatar mutum a san da zamansa a ƙasar da aka haifi kakansa buƙata ce ta halas.

Sai dai akwai tambayar da shirye-shiryenmu na wancan lokaci suka tsallake. A ce an ba da masarautar, wace kujera ce a cikinta ta mace? Rawani ba ya hawa kan mace a wannan tsari, ba a kuma zaɓensa da ƙuri'ar talaka. Al'ummar da ta zuba duk ƙarfinta wajen neman rawani ta zaɓi hanyar da rabin jama'arta ba za su taɓa bi ba. Da aka zo zaman sulhu, manyan maza ne suka zauna da manyan maza. Waɗanda suka goya yara suka yi gudun hijira, suka kwana a makarantu, suka dafa abin da aka ci a sansani, ba da su aka yi zaman ba. Ban ce a bar sarauta ba, tana da amfaninta wajen sasanci da shaidar mutum. Cewa nake yi majalisar ƙaramar hukuma da ake zaɓa ita ce wurin da Bahaushe ba ya buƙatar iznin wata ƙabila kafin ya zauna, ita ce kuma wurin da Bahaushiya ba ta buƙatar rawani. Kujerar nan ta fi rawani sauƙin nema, ta kuma fi shi kusa da famfo.

Abin da yake ƙasa tun tuni

Masu shirya bita a otal-otal kan fara da cewa matan karkara ba su waye ba, sai an koya musu shugabanci. A kawo su birni kwana uku, a ba su jaka da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Duk wanda ya zauna da matan ƙauye ya san wannan raini ne. Uwar adashe, wanda a Sudan ake ce masa sanduƙ, tana riƙe da kuɗin mata ashirin ko talatin ba takarda ba ɗan sanda, ta san wadda za a ba kwasa da wuri saboda haihuwa, ta san yadda ake bin bashi ba a ɓata zumunci ba. Wannan shi ne aikin kansila, sunan ne kawai babu.

Sudan kanta ta ba da misali. Awadiya Mahmud Koko mai sayar da shayi ce a Khartum. Tun wajen 1990 ta shiga haɗa masu shayi da masu abinci cikin ƙungiyoyin gama-kai domin su tsira daga kame da ƙwace kayan sana'a, har Amurka ta ba ta lambar yabo a 2016. Ƙarfinta daga kuɗin da mambobi ke tarawa da buƙatar da ta haɗa su ya fito. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma, abin da ya riƙe rayukan jama'a a unguwanni da yawa shi ne ɗakunan girki na taimakon juna da ake kira takaya, da ƙungiyoyin agajin gaggawa na matasa. Mata ne a kan tukwanen nan, su ke ƙirga bakuna, su ke raba abin da bai isa ba. Wadda ta ciyar da unguwa a lokacin yaƙi ba ta buƙatar wani ya ba ta takardar shaidar iya shugabanci.

Mu kuma muna da namu gadon, daga gidan da Mai Wurno ya fito. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato ɗaya bayan ɗaya ba. Ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu daga cikin ƙauyukan, ta ɗora musu malfa, suka riƙa jagorantar 'yan'uwansu suna kai ilmi gida-gida. Tsarin 'Yan Taru ya rayu bayanta domin jagorar 'yar gari ce, an san gidansu, ana iya tuhumarta. Duk mai cewa fitar mace ta wakilci mata baƙon abu ne a al'adarmu, to ya koma ya karanta tarihin gidan da yake alfahari da shi. A matsayina na mai aikin rediyo kuma ba zan manta da A'isha Fallatiya ba, 'yar mutanenmu da ta shiga gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940 ta yi waƙa, lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga mace. Muryar mace 'yar asalin ƙasar Hausa ta karaɗe Sudan shekara ashirin da wani abu kafin mace ta farko ta zauna a majalisa.

Darasi daga waje, da na gida

Ƙasar Indiya, wadda muka fi sani ta finafinai, ta bi wata hanya. Gyaran tsarin mulkinta na 73, wanda ya fara aiki a 1993, ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye, har da kujerar shugaba. Mace takan tsaya da sunanta, a ƙauyenta, maƙwabtanta su zaɓe ta. Binciken da Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay suka wallafa a 2004 ya gano cewa ƙauyukan da mata ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha. Can ma akwai mazan da ke fakewa da sunan matansu su yi mulki, har suna gare su. Duk da haka, matar da ke zaune a ƙauye ɗaya da masu zaɓenta ba ta da wurin ɓuya. Ita ma Sudan ta taɓa gwada irin wannan: dokar ƙananan hukumomi ta 1971, zamanin Ja'afar Numairi, ta ware wa mata kashi 25 a majalisun ƙasa-ƙasa. Abin da ya kashe ta shi ne mulkin jam'iyya ɗaya, inda kujera kyauta ce daga gwamnati.

A Nijar, dokar kaso ta 2000 ta ɗaga yawan mata a majalisa daga 1 cikin 83 a 1999 zuwa 14 cikin 113 a 2004, aka kuma ƙara kason a 2014 da 2019, kafin juyin mulkin Yulin 2023 ya rufe majalisar. A Nijeriya, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin mata a watan Maris na 2022, bayan zaɓen 2023 kuma matan da ke majalisar dattawa mai kujera 109 ba su kai biyar ba. Saboda haka ina goyon bayan a ware kujeru, domin ƙofar da aka toshe da kuɗi da 'yan daba ba ta buɗuwa da wa'azi. Amma ina roƙon masu wannan fafutuka su yi tambayoyin da Sudan ta koya mana. Wa zai rubuta sunan? Wace mazaɓa ce za ta iya sauke ta? Kason ya sauko har kansila, ko a Abuja ya tsaya? In gwamna ne zai cike gurbin, to an ƙara wa gwamna kujeru ne, ba mata ba.

Na san mai karatu zai ce, ana yaƙi wa ke ta zaɓe? Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025, a cikin wannan watan kuma aka kai wa mazauna Kambo Tayba hari aka kashe mutane. Rabon Sudan da zaɓe tun 2015. Duk gaskiya ne. Amma yaƙi kan ƙare a kan tebur, a kan teburin kuma ake rubuta wane ne ɗan ƙasa, wace ƙasa ce ta wa, yaya za a yi zaɓe. A 2019 mata ne suka cika titi, da aka zo tattaunawa da soja sai aka tarar kusan babu su. Wanda ba ya nan aka yi rabo, kasonsa sai abin da aka ga dama. Da safe ake kama fara.

Don haka ga abin da nake ganin ya rataya a wuyanmu. Ƙungiyoyin Hausawan Sudan da masu tallafa musu daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Jidda su sa takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa ta mata da 'yan mata a gaban duk wata buƙata, domin ita ce mabuɗin makaranta da gado da ƙuri'a. Masu neman a mayar da kanabi garuruwa su nemi a rubuta sunan mace a takardar fili tare da na mijinta. Masu tsara kason gobe a matsa musu ya fara daga majalisar ƙauye, mace ta tsaya da sunanta. Mu kuma 'yan rediyo da marubuta, aikinmu ya fi na kowa sauƙi. In za mu yi shiri ko rubutu a kan 'yan'uwanmu na Sudan, bayan mun gaida sarki, mu nemi uwar adashe da ungozoma da malamar Islamiyya da mai riƙe da tukunyar takiyya, mu tambaye su abin da za su fara gyarawa da kasafin ƙaramar hukuma yana hannunsu. Marubutanmu mata, waɗanda suka cika kasuwa da littattafai a kan kishi da gado da saki, ga fili nan ba a taɓa ba.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa. Ranar da aka sake kafa akwati a Jazira da Shuɗin Nilu, Allah ya sa Inna ta shiga rumfa da takardarta a hannu, ta tarar da sunan wadda ta sani.